Shirun Inna da na yanke

Shekarun baya, lokacin ban yi aure ba, ina da wani ɗan shago kusa da tashar Dogondutsi inda nake montaj, wato yanka da haɗa bidiyo. Shago na ce, amma in mutum uku suka shigo sai na huɗu ya tsaya daga waje. Tebur ɗaya ne, da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, wadda fankarta ke kuka kamar injin niƙa, da wata ƙaramar kamera mai kart biyu, katunan da abin da aka ɗauka ke sauka a ciki. Ina ɗaukar bikin aure da suna, ina yi wa 'yan kasuwa talla, amma waɗanda suka fi kawo mani aiki su ne samarin malamai masu son wa'azinsu ya zagaya wayoyin mutane. Ba labarin shagon nake son ba ku ba, sai dai in ba ku san yadda nake aiki a lokacin ba, ba za ku gane abin da na yi ba.

Wani abokina da ke karatu a Yamai ne ya zo hutu ya saka mani wani lojisiyel, wato manhaja, mai cire shiru daga magana. In ka zuba bidiyo a ciki, muryar mai magana za ta fito a ƙasan allo kamar jerin tuddai, inda ya yi shiru kuma sai layi ya kwanta. Kai dai ka gaya masa duk shirun da ya wuce rabin sakan ya cire, ka danna, ka fita shan shayi. Kafin ka dawo ya tsince shirun kaf, da sautin da hoton, ya haɗe maganar baki da baki. Aikin da nake wuni ina yi da hannu har idona ya yi ja, ya koma na minti goma.

Abin ya karɓe ni ƙwarai. A ƙauyukanmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, bidiyo mai nauyi sai ya kwana biyu bai sauka a waya ba, forfe, datar da mutum ya saya, kuma ya ƙare a banza. Wa'azin awa guda, in na cire tari da kurɓar ruwa da buɗe littafi da tsayawa tunani, sai ya dawo minti arba'in. Akwai wani malami da ya kalli nasa bayan na gyara, ya daɗe yana murmushi, sannan ya ce mani, "Ashe haka nike da hwasaha ban sani ba." Ni kuma na ɗauki kaina wani gwani, ina zaune a bakin shago ina gaya wa mutane cewa shiru ɓarnar mega ne. Da yake cikin ordinatar ba wuri, sai na saba da wata ɗabi'a: da zarar na fitar da gyararren, sai in goge ɗanyen. Ban taɓa samun matsala da hakan ba, shi ya sa ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Yanzu bari in gaya muku ko ni wane ne a gidanmu. Ni ne ɗan fari. Mahaifiyata, da muke kira Inna, mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Dumega, kuma irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma, gida ɗaya da ita amma kamar maƙwabta. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan" ko "mutumin ga", da na fara aikin kamera kuma na koma "mai inji". Akwai wani yaron maƙwabta da muke suna ɗaya, shi ma sai da ta laƙaba masa wani suna don kada bakinta ya kuskure. In na je gida ina zaune a gabanta, ƙanwata za ta kalla ta ce, "Ya ci abinci?"

Na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Kowa zai ce maka ɗan fari ai shi ne a zuciya, na kuma yarda da hakan a kaina. Amma ina ganin yadda take jan kunnen ƙannena tana dariya, yadda take kiran autarmu da sunaye uku na shagwaɓa, ni kuwa ko zagi na kaina ban taɓa samu ba. Ina shekara tara na faɗo daga amalanken jaki na karye a hannu, duk gidan suka taru a kaina, ita ta tsaya daga bakin ƙofa ta leƙo, ta juya. Abin da nake so a duniya, tun ina yaro har na yi gemu, shi ne sau ɗaya in ga da idona cewa ina cikin ran matar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don abin kunya ne ƙato kamata ya ce haka.

Sau ɗaya na gwada. Na sha wa'azi a shago har na fara jin ni ma rabin malami ne, sai na je gida na same ta tana ɓarar wake, na durƙusa na ce, "Inna, wagga al'ada ta ƙin kiran suna ba ta cikin addini." Na kawo hujjojina duka, na jera su yadda na ji ana jerawa. Ba ta ɗago ba, ba ta daina ɓarar wakenta ba. Da na gama sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki hwaɗa ma mutumin ga hurarshi na cikin ɗaki." Na tashi na je na sha furata, ban sake tayar da maganar ba.

Da daminar wata shekara ciwo ya kama ta. Tansiyo ne da farko, wato hawan jini, daga baya ƙafafu suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Mun kai ta gidan likita a Tibiri, aka ba da magani, aka ce ta huta, muka dawo da ita gida. Ƙanena da ke Aljeriya, wanda ya shekara uku bai zo ba, ya dame ni da kira. Ya ce tunda aikina ke nan, in ɗauko masa Inna tana magana, ta sa masa albarka, ko da ba su sake ganawa ba. Sauran ma suka ce haka ne, kowa yana so. Mu shida ne a raye.

Na san in ni ne a bayan kamera ba za ta buɗe baki ba. Sai na ɗauki kayan a moto, wato babur, na kai wa ƙanwata mai bi mani, wadda ke aure can cikin garinmu, ita ce kuma ke jinyarta. Na kafa mata kamerar a ƙarƙashin rumfa, na nuna mata jan maɓallin da za ta danna. Na ja mata kunne sosai a kan abu ɗaya: in Inna na magana, kada ta yi tari, kada ta yi motsi, kada ta sa baki sai in tambaya za ta yi, don kada ta ɓata mani sauti. Na maimaita mata har sau uku, sannan na hau moto na koma Dogondutsi.

Ranar Alhamis da la'asar wani ɗan kabu-kabu ya kawo mani kamerar a naɗe cikin zane. Ranar Asabar ina da biki a Sukukutane, kuma ina bukatar kart ɗin duka biyu. Na zuba bidiyon a ordinata, na ga minti arba'in da takwas ne. Ban kalli ɗanyen ba. Na ce tsohuwa ce marar lafiya, rabin abin nishi ne da hutawa, ga shi har Aljeriya za a tura. Na danna masa yadda nake danna wa wa'azi, na fita na yi salla, na dawo na tarar ya koma minti ashirin da ɗaya. Har daɗi na ji.

Sai na zauna kallon gyararren. Ga Inna a kan tabarma, ta jingina da ginshiƙin rumfa, ta rame amma fuskarta a sake. Ta ba da labarin ƙuruciyarta, yadda suke tafiya ɗiban ruwa tun asuba, shekarar yunwar da suka ci ganye, ranar da aka kawo ta gidan mahaifinmu. Maganar na gudu ba irin tata ba, don Inna mace ce mai auna kalma kafin ta sake ta, amma ban damu ba, kunnena ya saba da irin wannan gudun. Can wajen ƙarshe na ji muryar ƙanwata daga bayan kamera tana cewa, "Inna, ki sa ma ɗiyanki albarka, ɗai-ɗai." Inna ta ce, "To." Nan take kuma ta kira sunan ƙanwata.

Ta yi mata addu'a, ta wuce ga na Aljeriya, ta ce Allah ya maido shi da ƙafarsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, kowa da abin da ta roƙa masa, har auta. Ko ƙanwarmu da ta rasu tana jaririya, wadda ni kaɗai nake tuna fuskarta, sai da ta ambace ta. Daga nan ta ce ta gaji, bidiyo ya ƙare.

Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, amma na zauna a kujerar nan kamar yaron da aka raba wa kowa alewa aka tsallake shi. Ban sa rai ta kira sunana ba, na san wannan ba zai yiwu ba. Amma ko "wancan" ɗin nan, ko "mai inji, Allah ya yi mai albarka", ai da ta ce. Mace tana ganin kabari a gabanta, na ce a raina, amma ko a nan ma kunya ta fi ni. Na tura bidiyon a gurup ɗin dangi. Na koma kan ɗanyen na goge, na buɗe kwandon shara na ordinatar na zubar, na sa kart a kamera na wanke shi tas, na share duk abin da ke ciki. Zan iya ce muku don wuri na yi, kuma wurin ma ina bukata. Amma gaskiya da haushi na danna, kuma na san da haushi na danna.

Ranar Asabar na je Sukukutane na cika kart biyu da rawa da rabon goro. Ranar Lahadi na juye su duka a ordinata na fara aiki. Sai ranar Litinin da hantsi bidiyon ya gama sauka a wayar ƙanwata, ta kira ni.

"Yaya, wanga ba shi na bidiyon da niɗ ɗauka ba."

Na ce shi ne, gyara shi kawai na yi.

"To ina wurinka?"

Na yi 'yar dariya na ce wane wurina, ai ta san halin Inna, ba ta kai gare ni ba.

Ta ce, "Yaya, da kai tah hwara."

Abin da ta gaya mani ke nan, ina tsaye a bakin shago, motoci na wucewa. Tun kafin a fara ɗauka Inna ta tambaye ta wa zai fara ganin abin. Ta ce mata Yaya ne, shi zai gyara kafin kowa ya gani. Inna ta ce to. Da aka zo wajen albarka, bayan ta ce "To" ɗin nan da na ji, sai ta sunkuyar da kai, ta ɗago, ta kalli cikin idon kamerar sosai, abin da ba ta yi ba tun farkon ɗaukar. Ta ɗora hannu a ƙirjinta ta bar shi nan. Sannan ta buɗe tafukanta, leɓɓanta suka fara motsi, ba murya. Hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta kuma kawar da ido daga kamerar ba. Ƙanwata ta ce ya kai minti uku. Ta ce sau biyu ta ga bakin Inna ya yi sunana, sunana na yanka, ta gane shi sarai. Da ta gama ta shafa, ta goge fuska da bakin gyale, sannan ta kira sunan ƙanwata.

"Ni ma kuka nika yi," in ji ƙanwata. "Sai nit toshe bakina da zane don kar in ɓata maka sauti, kamar yadda kac ce."

Da ta yi shessheƙa ko sau ɗaya, da lojisiyel ɗin ya ji sauti ya bar wurin. Biyayyar da ta yi mani ce ta sa wurin ya zama shiru tsantsa, ni kuma na ce duk shirun da ya wuce rabin sakan a cire.

Ta ce in tura mata na farkon kawai, ba komai. Na ce mata to, na kashe wayar, don bakina ya kasa faɗin sauran.

Na rufe shago na ɗauki ordinata da kart na tafi wajen wani abokina mai gyaran waya, wanda na sha ganin ya dawo wa mutane da hotunan da suka goge. Ya tambaye ni ko na ɗauki wani abu a kart ɗin bayan na wanke. Na ce biki guda. Ya tambaya ko na zuba wani abu a ordinatar. Na ce bikin nan dai. Ya kalle ni, ya haɗa wayoyinsa. Muka wuni a kai. Abin da ya fito tsofaffin wa'azozi ne a guntule da tallar wani mai sayar da taki. Washegari na hau mota zuwa Yamai, wajen wani da aka ce ya fi kowa iya wannan aiki. Ya riƙe kayan kwana biyu, ina kwana wajen abokina ɗan makaranta. Da na koma ya ce mani, cikin Hausa da Faransanci, abin da aka goge ana iya tono shi in ba a rubuta wani abu a kansa ba, nawa kuwa an rubuta, kuma da hannuna. Ya ba ni abin da ya samo a kle, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinata. Na zauna na kalle shi duka, awa huɗu na mutanen Sukukutane suna rawa, ina sa ran ko fuskar Inna za ta ɓullo a tsakani ko da ta sakan ɗaya ce. Ba ta ɓullo ba.

Da na dawo Dutsi na buɗe gyararren, na je daidai wurin, na riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya. A hoton ƙarshe kafin yankan, hannuwanta na kan gwiwa, fuskarta a bushe. A na gaba da shi, bakin gyale na hannunta, idanunta sun yi ja, inuwar ginshiƙin rumfa ta ɗan gusa a kan tabarma. Duk wannan yana gabana ranar Alhamis. Ni da nake taƙama da ido, ban gani ba, don na kasa kunne ne kawai ina jiran in ji an ambace ni.

Sai da na gaya wa ƙanwata gaskiya. Ba ta yi mani faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce in kawo kamerar mu sake gwadawa. Na je, na kafa, na fita na ɓuya a bayan gidan kamar ɓarawo. Inna ta ga kamerar ta ce, "Ba mu yi wanga ba?" Ƙanwata ta ce ƙari ake so. Inna ta ce, "Abin da anka yi sau guda ya isa. Ɗauke shi, numhwashina ba ya kai." Lallai kuwa ba ya kaiwa, a 'yan kwanakin nan ta ƙara zubewa, ko zama sai an tallafe ta.

Da azahar ina alwala a bayan zana, tsakanina da rumfar bai fi taku uku ba, na ji ta kira ƙanwata. Ban sani ba ko ta san ina wurin. Ina zaton ta sani.

"Mai inji ya duba abin nan?"

Ƙanwata ta ce, "Ya duba, Inna."

"Dut?"

"Dut."

"To, alhamdu lillahi. Na sauke."

Ina tsugune da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa. Da na iya zagayowa in durƙusa in ce Inna ban gani ba, na goge, ki yafe mani, ki sake. Na yi tunanin haka, wallahi na yi. Amma mace ce da ta ɗauki abu shekara talatin da ɗaya, ta samu hanya guda ta ajiye shi ba tare da ta karya kunyarta ba, ta kuma ce ta sauke. In na shiga, na mayar mata da kayan a kai, kuma a gabana ba za ta iya ba ko da tana da numfashin. Ko kuwa tsoro ne kawai ya hana ni, na yi masa riga da tausayi. Har yau ban raba wa kaina wannan gardamar ba.

Washegari da safe na shiga yi mata sallama. Na durƙusa inda na saba, nesa kaɗan, na ce zan koma. Kullum in na yi haka bango take kallo ta ce a sauka lafiya. Ran nan sai ta juyo ta kalle ni, ido cikin ido, ta daɗe. Jira take. Ta yi magana, tana jiran ta ga alamar an ji. Wanda ya ga minti ukun nan zai san abin da zai yi da fuskarsa a lokacin, ni kuwa ban gani ba, labari aka ba ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah shi ƙara sauƙi, Inna." Ta ce, "Amin." Ta mayar da idonta bango.

Ba ta ga girbin shekarar ba. Ina shago aka kira ni, kafin in iso an gama yi mata wanka.

Wajen zaman makoki ƙannena suka riƙa kunna bidiyon suna kuka, ana miƙa waya hannu zuwa hannu. Wata gwaggonmu ta kalla har ƙarshe ta ce, "Allah sarki, kunya har kabari, ko ɗan nata ba ta ambata ba." Mata suka yi ta yaba mata. Ina jin su, ban gyara musu ba. Malamin nan da ya ce bai san yana da fasaha ba ya zo mani gaisuwa, na keɓe da shi na gaya masa komai, shi ne mutum na farko a waje da na faɗa wa. Ya ce addu'ar uwa ba ta bukatar kamera, wanda aka roƙa ya ji, kuma ba a goge wannan. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, har yanzu ma na yarda. Sai dai abin da ya yi magana a kai daban, abin da ke cina daban. Allah ya ji, ni ne ban gani ba, kuma saboda in gani ta kalli kamerar.

Bayan rasuwar na zame wa ƙanwata kaya. Duk haɗuwarmu sai na ja ta gefe. Wane hannu ta ɗora a ƙirji, dama ko hagu? Da ta yi sunan, a farko ne ko a ƙarshe? Ta yi murmushi ko kuwa? Tana ba ni amsa, ni kuma ina rubutawa a wani littafi kamar ɗan lakkol a aji. Wata rana ta ce dama, bayan wata shida ta ce hagu. Minti uku ya zama kamar biyar, ya dawo kamar biyu. Da na nuna mata inda maganarta ta saɓa, sai ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, don Allah ka bar ni. Na hwaɗa maka har ban san wane nig gani ba, wane niƙ ƙara don ka ji sanyi. Ko sunan ma yanzu ba ni iya rantsuwa." Tun ranar ban sake tambayarta ba. Wurin da abin ya rage a duniya kanta ne, shi ma na dame shi da tambaya har ya dagule.

Har yanzu ina wannan aiki, shagon ma ya ɗan girma. Masu kawo aiki suna son a cire shiru, ina kuma cire musu, don rezo bai canza hali ba. Abin da ya canza shi ne ba na goge ɗanye, kuma ba na danna komai sai na kalli abu daga farko har ƙarshe, ko da tallar taki ce. Akwatin teburina cike yake da ɗanyun bidiyon mutane da ba wanda zai taɓa nema. Kada ku ɗauka wannan ya rage mani wani abu. Hankalin da na yi ya amfani tsofaffin wasu, ni bai dawo mani da komai ba.

Mutane suna cewa lokaci na rage zafi. Nawa bai ragu ba, na dai koyi yin aiki da shi, ina ci ina sha ina dariya a bakin shago. Abin da ya fi tsaya mani ba gogewar ba ce, kowa na kuskure da na'ura. Haushin nan ne. Na yanke mata hukunci a kan abin da ni na cire da hannuna, na yi fushi da ita awa guda bayan na share amsar da na shekara talatin ina nema. Ta tafi tana ganin na gani kuma ban ce komai ba, ko na gode ban ce ba.

Ƙannena kowa na da albarkarsa a waya. Na Aljeriya ya dawo da ƙafarsa kamar yadda ta roƙa, yana kunna tasa duk ranar Juma'a, auta ma ta haddace tata. Wani lokaci in muna tare sukan kunna, in zauna in saurara da su, in ce amin a inda ake cewa. Tawa ta fi ta kowa tsawo, haka aka gaya mani.